Kafin A Ce Wa Talaka Ya Kare Kansa, Wa Zai Koya Masa Riƙe Bindiga?

A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, zamanin mulkin Bello Matawalle, ta fito ƙarara ta ce wa jama'arta kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, har ta yi alkawarin raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar domin masu neman lasisi. Ba a jima ba babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya mayar da martani cewa gwamna ba shi da wannan hurumi. Matawalle kuwa ba shi ne farau ba. Tun a Maris 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa mutane su tashi su kare kansu. A Fabrairun 2021, ana tsaka da jimamin sace ɗaliban Kagara, ministan tsaro Bashir Magashi ya ce bai kamata jama'a su zama matsorata ba. A cikin shekarar dai Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya sha nanata wa mutanensa su mallaki makami. A 2025 kuma shugaban hukumar DSS, Adeola Ajayi, ya ce wajibi ne al'umma ta zama ita ce katangar farko ta tsaronta. Shekara da shekaru ana jin magana ɗaya daga bakin manya, amma da wuya ka ji wanda ya tsaya ya fayyace wa zai koya wa manomin Dansadau ko na Batsari yadda ake riƙe makamin, a ina za a koya masa, da kuɗin wa, kuma wace doka ce za ta tsaya masa ranar da ya danna kunama.

Wannan giɓin shi ne abin da ya dame ni. Mahawarar da muke yi, ta a ba farar hula bindiga ko kada a ba su, lokaci ya riga ya wuce ta, domin bindigogin suna hannun mutane tun tuni. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu zaɓi irin hannun da zai riƙe su: wanda hukuma ta san sunansa, ta tantance shi, ta horar da shi, ta kuma iya kiransa ya amsa tambaya, ko kuwa wanda tsoro da fushi kawai suka horar. Ra'ayina shi ne a buɗe halastacciyar hanya ta mallakar makamin kariya ga al'ummomin da ke bakin daga, amma horo ya zama shi ne ƙofar shiga, kuma a ɗora nauyin makamin a wuyan gari da hukuma tare, kada a bar shi a wuyan mutum ɗaya a ɗakinsa.

Duk wanda zai ce a bar tsaro a hannun jami'ai kaɗai, gaskiya ya faɗa a ƙa'ida, kuma haka ya kamata ƙasa ta kasance. Sai dai ya dubi lissafin. 'Yan sandan Najeriya ba su kai 400,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu yana gadin manya da bankuna da kamfanoni a birane. Akwai ƙauyuka a Maru da Anka da Birnin Gwari da Sabon Birni waɗanda tsakaninsu da ofishin 'yan sanda mafi kusa tafiya ce ta sa'o'i a kan babur, a hanyar da damina ke yankewa, a yankin da sau da yawa babu sabis ɗin waya. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon sufeto janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya ƙirga mutum 6,319 da aka kashe a jihar tsakanin 2011 da 2019, da marayu fiye da 25,000, da mutum sama da 190,000 da aka raba da gidajensu. Wannan tun kafin abin ya game Katsina da Sakkwato da Kebbi da Neja yadda ya game yanzu. Mutumin da maharan suka isa ƙofarsa da ƙarfe biyun dare, kuma ya san agaji ba zai zo ba sai hantsi, ba shi da amfani da nasihar cewa tsaro aikin gwamnati ne. Ya san da haka. Abin da yake tambaya shi ne me zai yi a cikin sa'o'i shidan da gwamnatin ba ta nan.

Amsar da ya ba kansa kuwa kowa ya san ta. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 6 a hannun farar hula a Najeriya. Maƙeran karkara suna ƙera adaka da harba-ka-ruga, wasu har sun kai ga ƙera mai cin harsashin zamani, garuruwa kuma suna haɗa kuɗi gida-gida su saya wa matasansu. Dokar da ke kula da wannan al'amari ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai. Ta kasa bindigogi gida uku: manyan makaman yaƙi, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, bindigogin kai irin na farauta, waɗanda sufeto janar ke ba da lasisinsu, sai bindigar gargajiya mai ɗurin albarushi ta baki, wadda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana ba yaro da mai taɓin hankali da wanda aka samu da laifin far wa mutane cikin shekaru biyar na baya lasisi, amma ba ta gina wani tsari na koyarwa da jarrabawa da mai nema zai bi ba. A Agustan 2023 kuma sufeto janar Kayode Egbetokun ya dakatar da bayar da sabon lasisi. Sakamakon shi ne mun haɗa sharrin ɓangarorin biyu. A takarda an hana, a ƙasa makami ya cika gari, mai riƙe da shi kuma yana ɓoye shi daga hukuma, don haka babu wanda zai duba ko ya iya, babu wanda zai ƙwace idan ya nuna bai cancanta ba. Ɗan bindigar daji bai taɓa neman lasisi ba balle dakatarwar ta shafe shi. Wanda ta shafa shi ne mai son bin doka.

Mutane da yawa idan an ce horo sai hankalinsu ya tafi ga iya saiti, a jera gwangwani a harbe. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ake koya, kuma shi ne mafi saurin watsewa idan rai ya ɓaci. Cibiyar bincike ta RAND ta duba harbe-harben 'yan sandan birnin New York na Amurka daga 1998 zuwa 2006, ta samu cewa idan ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aikinsu ke nan, masu zuwa filin atisaye a kai a kai, a birnin da ke da fitilu a kowane titi. To ina ga saurayin da bai taɓa harbi ba sai ranar salla, a cikin duhun ƙauye, karnuka na haushi, mata na kururuwa, mutane na gudu ta kowane lungu? Harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa a iska. Yana ratsa zana da dangar kara da ƙofar langa-langa, ya sami wanda ke kwance a bayansu. Saboda haka babban abin da horo ke dasawa a jikin mutum shi ne kamewa: kada ya ɗora yatsa a kunama sai ya yanke shawarar harbi, kada ya nuna bakin bindiga ga abin da bai yi nufin halakawa ba, ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai ɗuri ko da shi ya sauke ta da hannunsa, kuma kada ya harbi inuwa ko motsi sai ya tabbatar da wane ne, da kuma wanda ke bayansa. Waɗannan ba a koyonsu da jin lacca ta yini ɗaya. Maimaitawa ce har su zama ɗabi'a, yadda ko a firgice hannu ba zai saɓa musu ba. A kan wannan sai a ƙara yadda ake tsayar da jinin wanda aka harba kafin a kai shi asibiti, domin a karkara zubar jini a hanya na kashe mutanen da raunin kansa bai isa ya kashe ba. Da yadda ake sanar da maƙwabtan garuruwa da jami'an tsaro. Da yadda za a fitar da mata da yara da tsofaffi ta hanyar da aka riga aka shirya. Gari da ya iya waɗannan ya rage asarar rayuka ko da bai harba ko ɗaya ba.

Akwai kuma ilimin iyaka, wato sanin inda kare kai ya tsaya kisan kai ya fara, kuma a nan ne maganar manyanmu ta fi cutar da talaka, domin sun tura shi fage ba su faɗa masa dokar fagen ba. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya yi amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, kundin Final Kod na Arewa ma ya tanadi haƙƙin kare kai, amma da sharaɗin kada a wuce abin da ya wajaba. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga jihar Adamawa wanda ya ce an far masa da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace ta, ya soki maharin. Hujjar mafi rinjayen alƙalan ita ce da zarar ya raba maharin da makami, haɗarin ya kau, yana da damar ya tsere. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce, har a cikin alƙalan an sami saɓani, ni ma ina ganin ya yi tsauri ga wanda ke cikin kokawar rai da mutuwa. Amma ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, darasin a fili yake: gwamna zai iya cewa ka kare kanka a gaban makirufo, alƙali kuwa daƙiƙa-daƙiƙa zai auna abin da ka yi. Malamanmu na fiƙihu ma ba su bar wannan babi a sake ba. Hadisi ya tabbatar da shahada ga wanda aka kashe yana kare dukiyarsa ko iyalinsa, amma malaman sun shimfiɗa cewa ana tunkuɗe mai farmaki ne da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi, ana fara masa da gargaɗi idan hali ya bayar, kuma idan ya juya baya ya gudu ba a bin sa a kashe. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Ladabin makami yana cikin addininmu tun kafin a ƙera bindiga. Abin takaici ne a ce masu wa'azin a tashi a kare kai sun fi yawa a kan masu karantar da wannan ladabin.

Masu adawa da wannan ra'ayi sukan kawo misalin Amurka, kuma suna da hujja. A 2021 mutum sama da 48,000 ne bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa gidan da ke da bindiga ya fi fuskantar haɗarin a kashe wani a cikinsa kusan ninki uku, kuma galibi ɗan gida ne ko na kusa ke yin kisan. An yi ta jayayya a kan hanyar binciken, amma ma'anarsa ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya san gidan Bahaushe: gida ɗaya mai sassa da yawa, yara suna shiga kowane ɗaki, ga rikicin gado, ga na iyakar gona, ga matashin da ƙwaya ta fara taɓawa. Faɗan da a da zai ƙare da sanda da zuwa gaban mai unguwa, idan akwai bindiga a ƙarƙashin katifa yana iya ƙarewa da jana'iza. Shi ya sa ban goyi bayan kiran kowa ya sayi tasa ya ajiye ba. Abin da ya dace da ƙauyen da ke bakin daji shi ne ma'ajiyar makamai ta gari, mai rajista da kulle biyu, masu gadin da aka horar su karɓa da magariba da sa hannu, su mayar da safe a ƙirga harsashi. Mai gida a birni ko a gefen gari da ke son lasisin kansa kuma, akwai abin koyi a nahiyarmu. Dokar Afirka ta Kudu ta shekarar 2000 ta wajabta wa mai nema ya kai shekara 21, ya yi kwas a wurin da hukuma ta amince da shi, ya ci jarrabawar sanin doka da ta sarrafa makami, a binciki halinsa, ya kuma tanadi akwatin ƙarfe na ajiya, lasisin kare kai kuma sabunta shi ake yi bayan 'yan shekaru. Ƙasar ba ta rabu da kashe-kashe ba, amma aƙalla mai lasisi a can mutum ne da aka gwada.

Hujja mafi nauyi a kan duk abin da nake faɗa ita ce tarihin 'yan sa-kai, kuma bai halatta a tsallake ta ba. Duk wanda ya bibiyi yadda wutar Zamfara ta kama ya san cewa satar shanu da fashi ne suka haifar da 'yan sa-kai, su kuma 'yan sa-kai suka mayar da fashi yaƙin ƙabilanci. Sun riƙa tare Fulani a kasuwanni da hanyoyi suna yanka su ba shari'a, suna ƙona rugage, suna kore dabbobi, mai laifi da marar laifi duk ɗaya. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun rubuta yadda irin wannan kisa a yankin Dansadau ya zama hujjar da 'yan bindiga suka riƙa jan matasan Fulani da ita zuwa daji. Harin 'Yar Galadima na Afrilun 2014, inda aka kashe mutum fiye da 100, a kan taron 'yan banga aka kai shi. A 2021 gwamnatin Sakkwato ta haramta 'yan sa-kai bayan kashe-kashen ramuwar gayya a kasuwannin gabashin jihar. Mu 'yan Arewa kuma mun ɗanɗani ɗacin abin ta ɗaya gefen a Maris 2025, lokacin da 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare mafarauta 'yan Kano da ke hanyar komawa gida salla, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka yanke musu hukunci a titi, aka kashe mutum 16. Wanda ya yi kuka da Uromi bai kamata ya kau da kai daga abin da ake yi wa Bafulatanin da ya shigo kasuwa sayen gishiri ba.

Sai dai idan aka duba da kyau, wannan tarihin shaida ne a kan abin da ke faruwa idan jama'a suka ɗauki makami ba tantancewa, ba horo, ba mai tambayarsu. 'Yan sa-kai ba gwamnati ce ta ƙirƙire su ba, rashinta ne ya haife su, kuma haramta su a takarda bai taɓa kawar da su ba, domin dalilin da ya fito da su yana nan. Amma ba zan yi da'awar cewa horo kaɗai magani ne ba. Burkina Faso ta kafa dakarun sa-kai na VDP da doka a Janairun 2020, tana ba su horon mako biyu da bindiga, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta tattara rahotannin kisan Fulani fararen hula a hannunsu. A Mali, mayaƙan farauta ne aka zarga da kisan mutum kusan 160 a ƙauyen Ogossagou a Maris 2019. Mako biyu ya isa a koya wa mutum harbi, bai isa a cire masa ƙiyayya ba. Don haka sharuɗɗan da ke kewaye da horon sun kai horon kansa muhimmanci. Masu gadin gari su tsaya a iyakar garinsu: ba su da aikin shiga daji farauta, ba su da aikin tare hanya ko kasuwa, ba su da ikon tsare mutum ya kwana a hannunsu balle su hukunta shi. A kowane yanki da Hausawa da Fulani ke zaune tare, a sa 'ya'yan ɓangarorin biyu a ciki, arɗo ya sa hannu a tantancewa kamar yadda dagaci zai sa, domin Fulanin da ke zaune lafiya suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi tatsa, kuma rundunar da ƙabila ɗaya ta cika ta sunanta rundunar ƙabila ko da wane kaki aka sa mata. Wanda kuma ya kashe mutum ba bisa haƙƙi ba a gurfanar da shi a kotu a bainar jama'a. Ranar da aka yanke wa ɗan sa-kai na farko hukunci saboda ran Bafulatani marar laifi, ranar ce tsarin zai fara samun amincewar waɗanda ake buƙatar su yarda da shi.

Wasu kuma za su ce duk wannan wahalar banza ce, domin me bindigar farauta za ta yi a gaban mutum ɗari a kan babura, ɗauke da AK-47 da manyan bindigogi masu jigida? Har ma su ƙara da cewa turjiya tana jawo ramuwa mafi muni. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. A Agustan 2025 'yan bindiga sun buɗe wuta a kan masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, suka kashe mutane da dama, gwamnatin Katsina kuma ta ce ramuwa ce a kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi musu kwanaki kaɗan kafin nan. A Nijar, a Nuwamban 2021, magajin garin Banibangou da mutanensa na kwamitin sa-ido sun fita neman 'yan ta'adda, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu. Abin da waɗannan suka nuna shi ne gari ba zai ci yaƙi shi kaɗai ba, kuma fita bin abokin gaba cikin dajinsa aikin soja ne. Manufar masu gadi ita ce su hana a shigo a sami mutane cikin barci, su ja lokaci har iyali su kuɓuta, su sa harin ya yi wa maharan tsada, su kuma kira agaji. Ɗan bindiga ɗan kasuwa ne a ta'addancinsa, yana auna riba da asara, yana fifita garin da zai shiga ya fita ba ƙwarzane. A Borno an ga abin da jama'a ke iyawa idan suka tsaya tare da soja: matasan Kato da Gora da suka fito a Maiduguri a 2013 sun taka rawa babba wajen fitar da Boko Haram daga birnin, domin sun san fuskokin da soja bai sani ba, mutanen Kala Balge kuma sun fatattaki maharan da suka zo musu a Mayun 2014. Amma haɗin da jami'an tsaro dole ya zama na gaske, mai rediyon sadarwa da sanin wurin juna. A Janairun 2025 jirgin yaƙi ya yi ruwan wuta a Tungar Kara ta jihar Zamfara, aka wayi gari waɗanda suka mutu 'yan banga ne da mutanen gari da suka fito bin sawun 'yan bindiga. Daga sama, mutum mai bindiga a kan babur kamarsa ɗaya da ɗan'uwansa. Rajista da horo tare da soja ne kaɗai ke sa matuƙin jirgi ya san su wane ne a ƙasa.

Tsoro na ƙarshe shi ne na siyasa, kuma shi ya fi hana ni sakin jiki. Mun san yadda 'yan siyasa ke ɗaukar matasa aikin daba a lokacin zaɓe su watsar da su bayan an rantsar. Rundunar da gwamna ya ɗauka, yake biya, yake kuma iya kora, tana iya zama sandar dukan abokan hamayya. 'Yan'uwanmu Hausawan Sudan sun ga ƙarshen wannan hanya: mayaƙan da gwamnatin Umar al-Bashir ta ba makami a Darfur su ne aka mayar rundunar RSF a 2013, su ne kuma suka juya wa sojan ƙasar baki a Afrilun 2023 har Khartum ta zama kufai. Kariya daga wannan ita ce kada ikon ya taru a hannu ɗaya. Makamai suna cikin jerin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya, kuma ya kamata lasisi da manhajar horo su ci gaba da zama a can, jiha ta ɗauki nauyin kuɗi, masarauta da al'umma su yi tantancewa. Kuma kada a ce rajistar ta zauna a ofishin 'yan sanda kawai, domin rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya na 2019 ya nuna bindigogi 178,459 na rundunar da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Hukumar da ta kasa ƙirga nata ba za a damƙa mata ƙirgar na gari ita kaɗai ba. Cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro tana da hurumin riƙe kwafi, majalisar jiha ma ta riƙa ganin lissafin duk shekara.

Jihohi sun riga sun fara tafiya a wannan hanya ba tare da jiran kowa ba. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 da mutum kusan 1,500 a zubin farko, Zamfara ta fito da Askarawa sama da 2,600 a Janairun 2024, Sakkwato ta bi baya a cikin shekarar, kamar yadda jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun tun 2020. Wannan ya fi sakin 'yan sa-kai ba linzami nesa ba kusa ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan matasa sun ba da rayukansu. Amma mutum dubu biyu ba za su kwana a ƙauyuka dubbai ba, horon makonni da aka yi sau ɗaya ba a sake ba yana zagwanyewa, kuma kowace jiha da irin manhajarta da irin makamin da ta samu. Ga kuma batun haƙƙinsu: wanda aka ba bindiga aka riƙe masa alawus wata uku an tura shi ga karɓar na goro a hanya, matar wanda ya mutu a bakin aiki kuma idan aka bar ta da marayu ba ko sisi, babu saurayin kirki da zai sake fitowa.

Abin da ya rage yana gaban Majalisar Tarayya. Ta sake dokar 1959 ta yadda za ta san da lasisin al'umma, ba na mutum ɗaya kaɗai ba. Ta wajabta horo da jarrabawa da sabuntawa a kai a kai. Ta fayyace irin makamin da ya halatta ga masu gadin gari da inda ikonsu ya tsaya. Ta kuma ba waɗanda ke riƙe da bindiga a ɓoye wa'adin fito da ita a yi mata rajista ba tare da an kama su ba, in ba haka ba babu mai fitowa. Makarantun horar da 'yan sanda da na Sibil Difens da barikokin soja suna nan a kusan kowace jiha, tsofaffin sojoji da 'yan sanda masu ritaya kuma suna zaune a garuruwansu da ilimin da za su iya koyarwa a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma. Duk gwamnan da zai sake hawa mumbari ya ce wa mutanensa su kare kansu, a tambaye shi nawa ya ware wa wannan horo a kasafin kuɗin bana, kuma ƙauyuka nawa ne za su samu kafin damina ta faɗi.